Goggo Mai Ɗakin Duhu

Kowace safiya, tun masu yankar kati ba su buɗe tagarsu ba, Goggo take shigowa asibitin ta ƙofar baya. Ba ta bi ta inda marasa lafiya ke layi. Takan ratsa ta gefen ɗakin wanki, ta wuce ɗakin ajiye gawa ba tare da ta ɗaga kai ba, ta sauka matakala zuwa wani lungu da ko da rana tsaka sai an kunna fitila. A ƙarshen lungun akwai ƙofa mai baƙin fenti. Nan ne wurin aikinta shekara talatin da 'yan kai. Makon jiya ta miƙa makulli ta yi ritaya, kuma na tabbata cikin dubban mutanen da jininsu ya bi ta hannunta, waɗanda suka san fuskarta ba za su cika benci biyu ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Da ta shiga takan rataye mayafi a ƙusa, ta zura farar riga da safar hannu, ta buɗe firjin da ke gurnani a kusurwa. Abin da take fara ɗaukowa wata 'yar kwalba ce da ba ta kai ɗan yatsa ba, da daskararren ruwan jini a ciki. Mai jinin ta daɗe a ƙasa. Wata malamar makaranta ce da cutar da Goggo ke nema a jini ta ci, wadda kafin ta cika ta ce a ajiye jininta ko zai amfani wani. Goggo ta rarraba shi a ƙananan kwalabe, tana tsakura kaɗan-kaɗan, don da shi take gane ko kayan aikinta na nan da ƙarfinsu. Takan riƙe kwalbar a tafin hannu har ta narke, sannan ta ce a hankali, "Ina kwana, Malama."

Ga wanda bai sani ba, akwai wata cuta da ba daga waje take shigowa ba. Garkuwar jikin mutum ce take rikicewa, ta juyo tana yaƙar hanyoyin jininsa, su kumbura, su toshe, wasu su fashe. In ta sauka a ƙoda sai ta cinye ta a ɓoye. In a huhu ne, mutum ya riƙa tarin jini. In a fata ne, jajayen tabo su feso a ƙafa kamar an yayyafa barkono. Ta iya kwaikwayon cututtuka iri-iri, har likita ya rasa wadda zai kama. Abin da ake nema a jini shi ne makaman da garkuwar ta ƙera don yaƙar gida. Sai a ɗiga ruwan jinin majinyaci a kan ɗan gilashin da aka jera fararen ƙwayoyin jini a kai, a wanke, a zuba wani rini, a kashe fitila. Idan makaman na nan sun manne, ƙwayoyin za su kama wani koren haske a ƙarƙashin madubin likita. Idan babu, baƙi ƙirin.

Sau ɗaya ta bari na leƙa. Na kafa ido a madubin, na ga ɗaruruwan idanu kore shar suna kallona kamar daga ƙasan rijiya, ba mai ƙiftawa. Na ce, "Goggo, jinin wane ne wannan?"

Ta ce, "Na Malama ne. Ita kullum a farke take."

Ba mamaki ma'aikata suka riƙa tsoron lungun. Baba mai shara ya rantse mini ya sha jin ta tana magana a ciki alhali ya san ita kaɗai ce, shi ya sa tsintsiyarsa take tsayawa taku uku kafin ƙofar. Rannan ya yi ƙundumbala ya tambaye ta, "Goggo, tsakani da Allah, da su wa kike hira?"

Ta ce, "Da abokan aikina. Sun ma tambaye ka, sun ce bakin ƙofarsu ya yi ƙura."

Sai daga baya ya gane addu'a take yi. Duk gilashin da za ta ɗora, sai ta roƙa wa mai jinin sauƙi, ko da yake lamba kawai ta sani, ba suna ba. Ya ce duk da haka shi dai bai ƙara ko taku ɗaya ba.

Abin da Goggo ta fi nanatawa shi ne wannan gwaji shaida ne kawai, kuma shaida yana iya ganin abin da ba shi ba, yana kuma iya rufe baki a kan abin da ya faru. An taɓa kawo jinin wata mai sayar da atamfa da zazzaɓi ya ƙi saki, ƙodarta kuma ta fara ja da baya. Jinin ya haska har da ɗaukar ido. Maganin wannan cuta kuwa danne garkuwar jiki yake yi gaba ɗaya. Goggo ta kai sakamakon da kanta, ta ce wa likitan hasken na nan, amma yanayinsa bai kwanta mata ba, kuma gwaji na biyu da ake yi da inji bai goyi bayansa sosai ba. Likitan ma dama zazzaɓin na damunsa. Suka yarda a dakata. Kwana kaɗan aka gano ƙwayar cuta ce ta yi gida a zuciyar matar, ita ta ruɗa garkuwar har jinin ya haska. Da an danne mata garkuwa a wannan hali, da an buɗe wa ƙwayar ƙofa. Matar tana nan a shagonta har yau, ba ta san akwai wata Goggo a duniya ba.

Amma labarin da aka fi ba ni shi ne na kafinta.

Mutum ne mai matsakaicin shekaru, da mata da 'ya'ya uku. Ciwonsa da mura ya fara, murar da ta ƙi ƙarewa. Hanci ya riƙa zubar da jini yana yin ɓawo, kunne ɗaya ya toshe, murya ta dishe. Wata safiya ya tashi ƙafarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa, yana jan ta kamar aron ta ya yi. Likitan da ake ce wa Dogo ya duba shi ya ce lallai wannan ya yi kama da kumburin hanyoyin jini, ya aika da jininsa ƙasa wurin Goggo.

Goggo ta ɗora na Malama, ya haska. Ta ɗora na kafinta, duhu. Ta sake haɗa sabon rini ta maimaita, duhu. Ta kai wa inji, inji ma ya ce babu. Ta rubuta abin da ta gani, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Ranar Likita Dogo yana wani asibitin. Yayar kafintan, wadda ita ke jinyarsa, ta tare wata nas ta ce don Allah me jinin ya nuna. Nas ɗin ta duba ta ce, "Ba a ga komai ba." Gaskiya ta faɗa. Amma mutanen da suka yi makonni suna kwana a kan tabarma a gindin gado, abin da suka ji shi ne ba komai. Kafin azahar sun naɗe kayansu.

Washegari aka ƙwanƙwasa baƙar ƙofa, abin da ba a cika yi ba. Likita Dogo ne, sai da ya sunkuya ya shigo.

Ya ce, "Goggo, ki ƙara dubawa mana."

"Na duba har na gaji, Likita. Zo ka sa naka idon."

Ya zauna a kujerarta, gwiwoyinsa na dukan tebur. Ta kashe fitila. Ya daɗe a sunkuye, ba abin da ake ji sai gurnanin firji. Can ya ce, "Shiru."

"Shiru kam. Amma ka san akwai masu cutar da jininsu ba ya magana."

"Na sani. Shi ya sa nake so a gutsuro ɗan nama daga cikin hancinsa a duba. Na hau sama na tarar da gado wayam. Wayar da suka bari a kashe take. In abin ya gangara ƙodarsa, Goggo, wata biyu ya yi masa yawa."

Ta ce, "Wane ne shi wai?"

"Wani kafinta ne a bayan layin masu katako. Har yana ce mini shi ba baƙo ba ne a nan, wai shi ya taɓa toshe tagar wani ɗaki a ƙasa."

Goggo ta kunna fitila ta juya. Ga allon katakon nan a bango, inda da can taga take. Shekarun baya haske na satar shigowa yana ɓata mata aiki, aka kawo wani saurayi mai dogon hanci da yawan dariya. Ya wuni yana aunawa yana fiƙewa, yana tsokanarta wai duk duniya haske ake biyan sa ya shigar, ita kaɗai ce ta sa shi ya kore shi. Tun daga ranar ko zaren haske bai ƙara shigowa ba.

Da aka tashi aiki da la'asar, maimakon ta nufi gida sai ta hau mota zuwa layin masu katako. Ba aikinta ba ne. Ba wanda ya aike ta. Ta tarar da shagon a garƙame, wani gadon yara da ba a gama ba yana jingine a waje, rana ta fara tsaga shi. Maƙwabcinsa ya nuna mata gidan da baki, ya ce, "Baiwar Allah, in kin shiga kada ki nuna kin razana."

Ta yi sallama sau biyu kafin a amsa. Gidan tsit, matarsa ta kai yaran wurin dangi. Hayaƙin turare ya cika tsakar gida har yana yaji a ido. Ta lura madubin da ke rataye a bango an juya fuskarsa. Mahaifiyarsa na zaune a bakin ƙofar ɗaki da carbi a hannu, yayar na tsaye a kanta. Daga bayan labule kuma wani sauti ke fitowa, siriri, kamar iska na bi ta hudar makulli. Sai da Goggo ta saurara ta gane numfashin mutum ne.

Bayan gaisuwa ta ce daga asibiti take. Fuskar tsohuwar ta canza.

"Asibiti kuma? Ai kun gama naku. Kun ce jininsa lafiya lau. To abin da ba ya cikin jini, ai ba naku ba ne, 'yar nan. Ni na haife shi. Wannan da ke kwance a ciki, muryar ba tasa ba, tafiyar ba tasa ba, yanzu har fuskar an fara sauya mini. Taɓa shi aka yi."

Goggo ta durƙusa a gabanta. Ta ce, "Inna, ni ce na duba jinin. Da idon nan nawa. Abin da na ce shi ne ban gani ba. Ban ce babu ba."

Yayar ta ce, "To mene ne bambancin?"

"Yanzu da kika tsaya a nan, kina ganin ƙanenki?"

"A'a, labule ya tare."

"To yana ciki ko ba ya ciki?"

Sai sautin nan ya tsaya, wata murya a shaƙe ta fito daga ɗakin. "Wace ce? Kamar na san maganar nan."

Yayar ta ɗaga labule. Goggo ta ce mini ta ga abubuwa da yawa a rayuwarta, amma ba ta taɓa ganin irin abin da ta tarar a ɗakin nan ba. Mutumin da ke jingine da bango ba ta san shi ba. Karan hancin nan dogo ya lotsa ciki, kamar an danna shi da babban yatsa. Ido ɗaya ya yi ja ya turo. Ƙafar dama na miƙe a gefe kamar ba a jikinsa take ba. Ya ƙura mata ido, ita ma ta ƙura masa, ta tuna gargaɗin maƙwabci ta daidaita fuskarta.

Can bakinsa ya motsa. "Goggo mai duhu. Allona yana nan? Bai fara yoyon haske ba?"

Ta ce a nan ne ta gane shi, don dariyar ce ta so fitowa ta rasa hanya. Ta zauna a bakin katifa ta ce, "Yana nan daram. Kai ka yi aikinka da kyau. Nawa ne bai ƙare ba, shi ya sa na biyo ka."

Ta yi musu bayani da irin maganar da za su ɗauka. Ta ce jini kamar bakin ƙofar gida ne, wani lokaci ɓarawo na ciki amma bai bar sawu a nan ba, sai an shiga ɗakin da yake ɓarna. Ta ce likita na so ya ɗauki ɗan nama, bai kai ƙwayar shinkafa ba, daga inda ciwon yake. Ba ta yi musu alkawarin warkewa ba. Ba ta kuma ce su bar addu'a ba, ta ce su taho da ita.

Tsohuwar ta ce, "In an yanka kuma aka ce nan ma ba a gani ba fa?"

"Sai in sake zuwa in durƙusa a nan in ce miki ban sani ba. Amma ba zan taɓa ce miki lafiyarsa ƙalau ba alhali ina jin numfashin nan."

Tsohuwar ta naɗe carbinta. Sannan ta dubi 'yarta ta ce, "Nemo mota."

Naman ya nuna abin da jinin ya ɓoye. Hanyoyin jinin sun kumbura sun ciccije. Aka fara magani, kuma an zo a kan gaɓa, don fitsarinsa ya riga ya fara nuna ƙodar ta taɓu. Ya sha wuya. Numfashi ya buɗe, idon ya koma, ƙodar ta tsira. Hancin dai bai dawo ba, ƙafar ma har yau da ɗan ja. Amma ya koma shago, ya ƙarasa gadon yaran nan, mai gadon ma har ya haƙura ya sayi wani, sai ya kai wa yayarsa da ta samu jika.

Bayan kusan shekara ciwon ya so tasowa, aka sake aiko da jininsa. Goggo ta ɗora, ta kashe fitila, sai ga idanun nan kore sun buɗe, dishi-dishi, ɗaya bayan ɗaya. Baba mai shara yana daga inda tsintsiyarsa ke tsayawa ya ji ta ce da ƙarfi, "Sai yanzu kuka ga damar zuwa?" Ya ce ranar bai ƙarasa sharar lungun ba.

Yadda ta bar aiki ma abin faɗa ne. Saura mata 'yan watanni ta cika shekarun ritaya, wata rana tana zaune a tsakar gida jikarta na yi mata tsifa, ta ɗaga kai ta dubi yarinyar, sai ta ga ɗige-ɗigen koren haske a kumatunta. Ta murza ido ta dubi bango, suna nan. Ta dubi tafin hannunta, suna nan. Likitan ido ya ce shekaru ne da gajiya, ba abin tashin hankali ba, za a iya lallaɓawa. A wurin aiki ba wanda ya sani sai ita. Tana iya yin shiru ta ƙarasa watanninta, wa zai gane a cikin wannan duhu? Washegari ta je wurin shugaban sashe ta ce, "Ranka ya daɗe, idona ya fara ganin abin da babu. Daga yau kada a ƙara karɓar shaidarsa." Sauran watannin ta yi su ne tana wanke gilasai, tana zaune kusa da wadda za ta gaje ta, tana ce mata, "Faɗa mini abin da kika gani, ba abin da kike so ki gani ba."

Goggo, ke ce kika zauna a inda kowa ke gudu, kika yi abota da duhu don wasu su ga safiya. Ke ce ba a taɓa jin kin ƙara wa haske haske don a yaba miki ba, ba ki kuma taɓa fakewa da duhu don ki huta ba. Uwar marasa suna, mai gadin ƙofar da ba a ƙwanƙwasawa. Mutane sun gode wa likita, sun gode wa nas, sun yi wa mai gadi alheri a bakin ƙofa, ke kuwa kina ƙasa da lambobinki kina roƙa musu sauƙi.

Da na je gaishe ta na faɗa mata zan rubuta wannan, sai ta kama baki. Ta ce, "Ni kuma? Me na yi? Amsa uku ce fa kawai gare ni duk tsawon shekarun nan: na gani, ban gani ba, ban sani ba."

Na ce, "Wacce ta fi wuya?"

Ta ce, "Ta ukun. Ita ce take sa mutum ya ɗauki mayafi ya bi majinyaci har gida."

To Goggo, mun gode. A madadin kafinta da mahaifiyarsa, da mai atamfar da ba ta san ki ba, da duk wanda ya kwana lafiya bai san ta hannun wa ba, Allah Ya saka miki, Ya sanyaya idanun nan da kika ƙarar a kanmu. Ku kuma da kuke riƙe da amanar wani, ko a ɗakin gwaji, ko a aji, ko a ƙarƙashin mota, ku ɗauki wannan daga gare ta. In kun gani ku faɗa, in ba ku gani ba ku faɗa. In kuwa ba ku sani ba, kada ku rufe ƙofa ku tafi gida. Akwai wani a bayan labule yana jiran ku.